Wani ya kwaikwayi tambarin buhun shinkafata, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Haɗejiya, muna zubawa a buhu mai kilo 25. Da muka fara, na sa aka buga hoton jan raƙumi a jikin buhun, sunan kamfani a ƙasa. To sunan nan babu mai karanta shi. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, har 'yan Nijar masu sari cewa kawai suke "a ba mu mai raƙumi".

Yanzu wani ya fito da nasa buhun, shi ma jan raƙumi, sai dai nasa yana kallon hagu. Shinkafarsa kuwa tsakuwa da ɓuntu, ga karyayya. Wani dillalina ya dawo min da buhu yana faɗa, sai da na nuna masa ɗinkin bakin sannan ya yarda ba namu ba ne.

Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma an ce min wannan ba ta kare hoto. Sai an yi rajistar tambari daban a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja.

Don Allah wanda ya taɓa bi, dole sai da lauya? In na yi rajistar yanzu, za ta hana shi, tunda ya riga ya fara? Abokai na cewa in sauya hoton kawai, ni kuwa ina ganin ranar da na cire raƙumin nan na sallama masa kwastomomina ne a banza.