Wai da gaske matar nan ta auri sarkin Faransa da na Ingila duka?

Ummi_Rikkos:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu karatun tarihi ku taimaka min. Ƙanina ne ya dawo daga lakca jiya, muna zaune gaban kurfot muna jin ɗumi saboda sanyin Jos ɗin nan da ya sako mu gaba, sai yake ba ni labarin wata Elino ta Akiten, wai ta yi sarauniyar Faransa, auren ya mutu, ko wata biyu ba a yi ba ta auri wanda ya zama sarkin Ingila. Ni dai na ce masa ƙarin gishiri ne irin nasa. Bazawara mai 'ya'ya biyu, kuma a zamanin da coci ba ta yarda da saki ba? Ta yaya?

Malam_Tarihi:
Wa alaikis salam Hajiya Ummi, ƙaninki bai ƙara komai ba, ragewa ma ya yi. Babanta Wiliyam na 10 shi ne mai Akiten, yanki ne babba a kudu maso yammacin Faransa, a lokacin ya fi ƙasar da sarkin kansa ke riƙe da ita kai tsaye faɗi da arziki. Ya rasu 1137 a hanyar ziyara a Sifen, ba ɗa namiji, sai gadon ya faɗo kan yarinyar nan tana 'yar shekara sha uku zuwa sha biyar. Kin san in kura ta ji ƙanshin nama. Sarki Luwis na 6 ya yi wuf ya haɗa ta da ɗansa, aka ɗaura a Bodo cikin Yuli, kwanaki kaɗan tsohon ya cika, ango ya zama Luwis na 7.

Shekara sha biyar suna tare, har yaƙin 'yan Salibiyya na biyu ta bi shi a 1147, amma 'ya'ya mata biyu kawai ta haifa, Mari da Aliks. Nan fa gizo ke saƙar. Maganar coci kuma, ba saki aka yi ba, warware auren aka yi a Maris 1152, malaman coci suka ce ai su biyun 'yan uwa ne na jini. Dangantakar nesa ce fa, kuma an daɗe da sanin ta, sai da aka rasa magaji aka tuna.

Ɗan_AngwanRogo:
Tab, da a nan ne da aka warware rabin auren unguwarmu, mu da auren zumunci kamar an yi mana wasiyya 😂 Kuma wata biyu? Ko idda ai ba ta kai ba.

Malam_Tarihi:
Su ba su da idda malam, kuma saurin ba na soyayya ba ne, na tsira ne. Tana hanyar komawa gida Fuwatiye manyan mutane biyu suka yi ƙoƙarin sace ta su aure ta dole don su mallaki ƙasarta, ɗaya ma ƙanin Henri ne, wanda ta aura daga baya. Ita ta aika wa Henri mai Nomandi ya zo, aka ɗaura 18 ga Mayu 1152, ta girme shi da kusan shekara goma, 1154 ya hau gadon Ingila. Abin da ke ba ni dariya, matar da aka sallama don ba ta haihuwar maza sai ga ta da 'ya'ya takwas a gidan Henri, biyar maza, biyu sun yi sarauta bayansa, Richad da Jon. Shi kuwa Luwis sai a mace ta uku ya samu namiji, a 1165.

Maman_Ilham:
Ni wannan wajen ne ya taɓa ni wlh, don na ga irinsa da idona, yayata mata huɗu ta haifa, ranar sunan ta huɗun uwar miji ko ɗakin ba ta leƙa ba, tana tsakar gida tana ta habaici wai gidan ya zama makarantar 'yan mata, ita kuwa yayar tawa tana ciki da jaririya a cinya tana share hawaye da bakin zani. Ashe abin har gidan sarautar Turawa ya je. Amma Malam kar ka sa mu ɗauka ta huta a gidan Henri, ni na karanta cewa kulle ta ya yi.

Malam_Tarihi:
Haka ne Maman Ilham. 1173 'ya'yan suka yi wa uban tawaye ta goya musu baya, ya kama ta ya tsare kusan shekara sha shida, sai da ya mutu 1189 Richad ya sa aka sake ta. Kuma a ganina nan ne ma ta nuna ko ita wace ce. Da aka kama Richad a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi, ita ta tsaya aka tara kuɗin fansa, ta raka su Jamus da kanta a 1194. A 1200 tana dab da shekara tamanin ta tsallaka duwatsu zuwa masarautar Kastil a Sifen ta ɗauko jikarta Bilanshi don a aurar da ita ga yariman Faransa, wato jikan tsohon mijinta. Bayan shekara biyu jikanta Ata ya yi mata ƙawanya a garin Mirabo, sai da Jon ya zo ya cece ta. Cikin 'ya'ya goma da ta haifa, takwas ta ga mutuwarsu. Ta rasu 1204, kabarinta na gidan ibada na Fontebro a Faransa, kusa da Henri ɗin da ya kulle ta, an sassaƙa siffarta a kai tana riƙe da littafi.

Ummi_Rikkos:
Kai jama'a, jika ya yi wa kakarsa ƙawanya, wannan gida ai sai addu'a. Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Yanzu matsalata ɗaya, na ci wa yaron nan alwashin tsiren dubu biyu in labarin ya tabbata, kuma na san yana nan yana karanta mu.