Ana neman Hausar "merger" kafin gobe da la'asar

'Yar Ringim: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gobe bayan la'asar zan naɗi shirin tattalin arziki na wannan makon, kuma batun da aka ba ni shi ne abin da Turawa ke kira merger a harkar jiragen sama. Wato kamfani biyu su koma ɗaya, kuɗin tikiti ya motsa, a daina zuwa wasu garuruwa, makin da matafiyi ya tara ya canja daraja. Masu saurarena manoma ne da 'yan kasuwar ƙauye da masu adashin Umara, don haka ina son kalmar da za su ji su gane nan take. Na rubuta "haɗin gwiwa" amma hankalina bai kwanta da ita ba. Sai ta biyu, sunan makin nan da kamfani ke ba mai yawan hawa jirginsa. A taimaka don Allah.

Ɗan Maigatari: Wa alaikumus salam. Maja. Tun 2013 da ACN da CPC da ANPP suka koma APC babu wanda bai san maja ba. Ki je kasuwarmu ranar Alhamis ki tambayi kowane dillalin shanu, zai gaya miki.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: 'Yata, haɗin gwiwa kam ki cire ta, don tana da nata wurin a wannan sana'ar. Ethiopian da EgyptAir duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, suna iya miƙa wa juna fasinja, amma kowanne da masu shi, kowanne da asusunsa, kuma gobe suna iya rabuwa. Wannan shi ne haɗin gwiwa. Abin da kike tambaya daban ne. A Amurka, a 2008 Delta ta haɗe da Northwest, yau babu jirgi ko ɗaya mai sunan Northwest a sama. Continental ta shiga United a 2010, US Airways ta shiga American a 2013, duk sunayen sun tafi. Ni "haɗewa" nake faɗa wa mutanena.

Malam Na Gwaram: Salamu alaikum. Maja ba Hausa ba ce, Turanci ne aka karya masa wuya. Haɗewa kuwa ta yi faɗi da yawa: hadari yana haɗewa, hanyoyi suna haɗewa, har fuska ana haɗewa. Muna da ɗafin -ayya mai nuna aikin da ɓangare biyu suka yi wa juna: so, soyayya, ƙi, ƙiyayya, ja, jayayya, aure, auratayya. To haɗa, haɗayya. Haɗayyar kamfanonin jiragen sama. Kalma ce mai tsari, ta fito daga cikin gida, kuma ba ta da wani aiki da za a rikita ta da shi. Ki sa ta a shirinki, 'yata, cikin wata shida ta zauna.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Dambatta: Allah gafarta Malam, muna da abin da ya riga ya zauna. Lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa yana cikin tara da suka zama Unity. A lokacin "haɗewar bankuna" muke cewa, a ofis da gidajen rediyo. Haka aka sake faɗa a 2019 kan Access da Diamond. Wanda ya taɓa buɗe asusu ya san abin da ake nufi.

Malam Na Gwaram: An faɗa ne don babu wanda ya zauna ya yi tunani. Yawan faɗa ba ya mayar da abu daidai.

Ɗalibi Daga Kazaure: Baba Malam, da girmamawa, a jimlarku akwai "kamfani". Alhaji kuma tikiti yake sayarwa. Mota, banki, rediyo, asibiti, duk aro ne. Me ya sa maja ce kaɗai za a kora?

Malam Na Gwaram: Yaro, aron abin da ba ka da shi daban, barin naka ka ɗauki na wani daban. Kakanninmu ba su da mota, shi ya sa suka karɓe ta da sunanta. Amma haɗa abu biyu su zama ɗaya, shi ma sai Bature ya koya mana? Ku dubi Suwahili. A 2022 Tarayyar Afirka ta karɓe shi cikin harsunan aikinta, saboda masu shi sun zauna sun gina masa kalmomi. Mu kuwa kowace 26 ga Agusta sai mu sa babbar riga mu yi Ranar Hausa, washegari mu koma Ingausa. Shekara talatin ina koyar da wannan harshe, abin yana ci mini rai.

Ɗan Maigatari: Malam, in na ce wa mai saniya "haɗayya" zai ɗauka sunan yarinya ne. Ku 'yan boko kuna ƙera kalma a ɗaki, mu a kasuwa muke magana.

Malam Na Gwaram: Kasuwa ba makaranta ba ce. Kuma ku mutanen bakin iyaka, rabin maganarku Faransancin Nijar ne, ba ku za ku koya mini Hausa ba.

Ɗan Maigatari: Hausar Gumel da Damagaram ba ta taɓa roƙon ta Gwaram komai ba, Malam.

'Yar Ringim: Don Allah iyayena a yi haƙuri, lokaci yana tafiya. Baba Alhaji, ku da kuke cikin harkar, me ke faruwa da fasinja bayan abin ya auku? Wataƙila in na gane wannan, kalmar za ta fito da kanta.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: To ki saurara, don nan ne nake da ja da kalmar Malam, ba don sabuwa ce ba. Shi da kansa ya ce -ayya na nuna abin da aka yi wa juna. A wannan harka da wuya a yi wa juna. Galibi babba ne ke ɗaukar ƙarami ko mai rauni, ya zaɓi abin da zai riƙe, ya zubar da saura. In kika ce haɗayya, mai sauraro zai ji kamar zumunci aka ƙulla, alhali wani ne ya ɓace.

Abu na farko da ke taɓuwa shi ne hanyoyi. Kowane babban kamfani yana da garin da yake tattara fasinjojinsa kafin ya rarraba su, mu ce cibiyarsa. In biyu suka zama ɗaya, sai cibiyoyin su yi yawa, wasu kusa da juna. Memphis cibiyar Northwest ce, amma Delta tana da Atlanta, a 2013 ta sauke Memphis daga wannan matsayi. Cleveland ta Continental ce, United ta sauke ta a 2014. St. Louis haka ta gani bayan American ta sayi TWA a 2001. Mutumin da a da yake tashi daga garinsu kai tsaye, yanzu sai ya yi zango a wani gari, ya ƙara awanni.

Na biyu kuɗi. Ba kowace hanya ce kuɗinta ke tashi ba, kar ki faɗi haka, don farashin mai da lokacin shekara su ma suna da hannu. Inda abin ke cizo shi ne hanyar da su biyun ne suke gasa a kanta. Jiya in wannan ya tsawwala ka koma wancan, yau babu wancan. A Amurka yanzu kamfani huɗu, American da Delta da United da Southwest, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na zirga-zirgar cikin gida. Shi ya sa hukuma ke sa baki. A 2013 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta kai American da US Airways kotu, ba ta janye ba sai da suka yarda su saki wasu gurabun sauka da tashi a filayen Reagan na Washington da LaGuardia na New York. A Janairun 2024 kuma alƙali ya hana JetBlue sayen Spirit gaba ɗaya, saboda a lokacin Spirit ce jirgin masu ƙaramin ƙarfi, in ta tafi su za su ji a jikinsu. Mu ma nan muna da hukumar gasa da kare masu saye, FCCPC, wadda doka ta ba ikon duba irin wannan ciniki kafin a ƙulla shi. Wannan ki gaya wa masu adashin Umara, su san cewa yawan kamfanoni a hanyar Jidda da Madina kariya ce ga aljihunsu.

Malam Na Gwaram: To Alhaji, Air France da KLM fa? Tun 2004 suke tare kuma kowa yana tashi da sunansa. Wa ya haɗiye wa? Wannan ita ce haɗayya tsantsa.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: Wannan kun kawo hujja, Malam, ban musa ba. Haka British Airways da Iberia tun 2011. Sunaye biyu, fenti biyu, amma uwar kamfani ɗaya ce a sama, kuma ribar aljihu ɗaya take shiga. Fasinja yana ganin jirgi biyu, ba ya samun gasar mutum biyu.

Ɗan Maigatari: Ai shi ya sa KLM ta bar Kano. Maja ce ta cinye mu.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: A'a, 'yata kar ki ɗauki wannan zuwa rediyo. KLM ta fi shekara sittin tana sauka Kano, ta daina a 2012, shekara takwas bayan haɗewar. Ba a ɗora wannan a kan wancan haka kawai. Abin da za ki iya faɗa shi ne, daga lokacin mai zuwa Amsterdam daga nan sai ya bi ta wani gari. Mutanenmu sun san zafin rasa hanya, ko da dalilin daban ne.

Ɗalibi Daga Kazaure: To ga shawara. Haɗewa ta zama babbar kalma. Inda ɗaya ya sayi ɗaya, a ce ya saye shi ko ya haɗiye shi, kamar yadda Korean Air ta sayi mafi yawan hannun jarin Asiana a Disambar 2024. Inda suna ya mutu, a ce ya narke, kamar Vistara cikin Air India a Nuwambar 2024. Fi'ili ya yi aikin, ba sai an ɗora wa suna ɗaya komai ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Dambatta: Na goyi baya. Saura maki. Ni "tukuici" ta zo mini.

Ɗan Maigatari: Ladan tafiya.

Malam Na Gwaram: Lada na Allah ne, kar a kai shi kantin tikiti. Tukuici kuma wanda aka aiko da kyauta ake ba. Kalmar tana nan a bakin kowace mai awo: gyara. Ka sayi kwano biyar na gero, a ƙara maka tafi ɗaya don ka dawo gobe.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: Gyara ta kama rabin abin, rabi mai muhimmanci kuwa, domin mai sayarwa ne ke yanke yawanta, ba hakkinka ba ce. Haka makin nan yake. Da aka haɗe, ba a ƙwace wa kowa abin da ya tara ba: na Northwest ya koma SkyMiles na Delta a 2009, na Continental ya koma MileagePlus na United a 2012, na US Airways ya koma AAdvantage na American a 2015. Amma da gasa ta ragu sai aka canja ma'auni. A da nisan da ka yi ake lissafawa. Daga 2015 Delta da United suka koma lissafa kuɗin da ka biya, American ta bi su a 2016. Mai neman tikiti mai araha ya yi doguwar tafiya, shi ya fi asara. Ga kuma manyan kwastomomin kamfani biyu sun taru a layi ɗaya suna jiran a ɗaga su zuwa kujerun gaba, kujerun kuwa ba su ƙaru ba. Inda gyara ta gaza shi ne, ita a take ake ba ka, shi kuwa wannan tarawa ake yi shekara da shekaru, kuma yana iya rage daraja yana ajiye.

Ɗalibi Daga Kazaure: Makin tafiya kawai. Duk wanda ya yi firamare ya san maki.

Malam Na Gwaram: Maki ma Turanci ne.

'Yar Ringim: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zan yi. Zan buɗe da "haɗewar kamfanonin jiragen sama", in ce sau ɗaya "abin da 'yan siyasa ke kira maja" don kowa ya kama, ba zan sake maimaita ta ba. A cikin bayani zan bi shawarar ƙanena na Kazaure: saye, haɗiye, narke. Zan yi amfani da cibiya da zango kamar yadda Baba Alhaji ya faɗe su. Maki kuwa zan ce makin tafiya, in fassara shi da gyarar Baba Malam. Haɗayya ba zan iya sa ta gobe ba, Baba, don minti talatin ba zai ishe ni koyar da sabuwar kalma da sabon batu a tare ba.

Malam Na Gwaram: Shirinki ne, 'yata. Haɗewa ba kuskure ba ce, rauni gare ta. Majar nan sau ɗaya kika ce, zan saurara in ƙirga. Ni dai a rubutuna haɗayya zan ci gaba da sawa, aƙalla ga irin ta Air France da KLM, tunda Alhaji da bakinsa ya ce na kawo hujja.

Alhaji Mai Tikiti, Bichi: Hujja na ce, ban ce na karɓi kalmar ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Dambatta: Ni makin tafiya bai gamsar da ni ba, tunda Alhaji ya ce yanzu kuɗi ake lissafawa ba nisa ba. Ki yi da shi gobe, amma a bar zancen a buɗe, ranar Asabar zan kawo wata.