Gasar gudu a Disney World: ta ina zan rage kuɗin tafiya?

Jama'a, ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ina son shiga rabin gudun fanfalaki, kilomita 21, wanda ake yi a wurin shaƙatawa na Walt Disney World da ke Orlando, Amurka, cikin watan Janairu. Atisaye dai ina yi kullum da asuba, aljihu ne ya ƙi ba ni haɗin kai.

Inda na maƙale shi ne masauki. Ana tashin gudun tun wajen ƙarfe 5 na asuba, kuma otal-otal ɗin Disney suna da motar da ke kai masu gudu wurin tashi kyauta, amma kuɗin ɗakinsu ya fi ƙarfina. Na waje suna da sauƙi, sai dai tsorona neman mota da ƙarfe uku na dare ga hanyoyi a rufe. Wanda ya taɓa kwana a waje, yaya ya yi?

Sai biza. Gurbin rajistar gudun yana ƙarewa da wuri, kuma ba a mayar da kuɗin. In biya tukuna, ko in jira bizar ta fito? Tikitin shiga wurin shaƙatawar ma daban ake sayensa, shi kam ina ganin kwana ɗaya ya ishe ni.