Wace kalma za mu sa wa furotin ɗin da ba a gano aikinsa ba?

1/ Malaman kimiyya da masu fassara, ku zo mu daidaita a kan kalma ɗaya. Ɗalibaina na ajin ƙarshe suna bincike a kan abin da Bature ke kira "uncharacterized protein". Na ce su faɗa mini da Hausa, sai ɗaya ya ce "furotin mara aiki". Nan take na taka masa burki.

2/ Mara aiki ai zaman kashe wando yake yi. Wannan kuwa yana can cikin ƙwayar halitta yana ta hidimarsa, mu ne ba mu gano ba. A 2016 cibiyar Craig Venter a Amurka ta harhaɗa wata bakteriya da aka rage mata ƙwayoyin gado har suka koma 473, aka bar waɗanda ba ta rayuwa ko girma sosai sai da su. Cikinsu 149 a lokacin ba a san me suke yi ba. Yaya za a ce da irin waɗannan marasa aiki?

3/ Abin ya shafe mu kai tsaye. Da aka karanta jerin gadon Plasmodium falciparum, mai jawo zazzaɓin cizon sauro, a 2002, an samu ƙwayoyin gado wajen 5,300, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗinsu ba su yi kama da wani sananne ba.

4/ An kawo shawarar a ce "baƙon furotin". Baƙo raɓa ne, wannan kuwa ɗan gida ne. "Maraya" ma an riga an ba wanda ba a samo masa dangi a wasu halittu ba.

5/ Wani malamin hadisi ya ce mini: "Malam, ai muna da irinsa." Akwai majhulul aini, mai ruwayar da shi kansa ba a san shi ba, akwai majhulul hali, wanda aka san shi amma ba a san amincinsa ba. Wallahi misalin ya zauna daram. Wanda kwamfuta kawai ta hango daga jerin gado, ba a taɓa kama shi a ɗakin gwaje-gwaje ba, shi ne na farko, wato "hypothetical protein". Namu na biyun ne. Sai dai ɗan sakandare ba zai ɗauki "majhuli" da sauƙi ba.

6/ Don haka na tsaya a kan biyu: furotin na hasashe ga wanda kwamfuta ta hango, da furotin mai ɓoyayyen aiki ga namu. Na biyun yana gaya wa ɗalibi cewa aikin yana nan, tono shi za a yi.

7/ Tonon kuwa da hannu ake yi. AlphaFold, manhajar kwamfuta mai hasashen ƙirar furotin, kan ba da siffa, amma ganin ƙirar mutum ba ya nuna sana'arsa. Misali, ɗalibai su sa bakteriyar E. coli ta haɗa furotin ɗin, su tace shi, su zuba masa p-nitrophenyl acetate, wani sinadari mai ɗauke da mahaɗar da ake kira ester. In ruwan ya rikiɗe ya zama ruwan ɗorawa fiye da kwalbar da ba a sa furotin ba, alama ce yana tsinka ester.

8/ 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi karatu da Faransanci, "mai ɓoyayyen aiki" ya zauna a kunnenku? In babu gyara, da shi ɗalibaina za su rubuta taƙaitaccen bayanin bincikensu.