Za mu kwashe ma'ajiyar kod ɗinmu daga Bitbucket zuwa GitHub, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyar ne muke haɗa wata manhajar lissafin shago, kod ɗinmu yana Bitbucket, shafin ajiyar kod a intanet. Yanzu mutum biyu za su shigo, tsarin kyauta na can kuwa iyakarsa mutum biyar, shi ya sa muka ce a koma GitHub, shi ma shafin ajiyar kod ne. Wani abokina ya ce in sauke fayilolin kawai in ɗora su can. Hakan ya isa? Ba na so tarihin aikin ya salwanta.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka bi maganar abokin nan. In ka yi haka, wa ya canza me, yaushe, duk sun tafi. Buɗe sabuwar ma'ajiya a GitHub, ka bar ta wayam, ko fayil ɗin bayani na README kar ka saka. Sannan ka jawo tsohuwar da `git clone --mirror`, ka tura ta da `git push --mirror`. Rassa (wato layukan aiki daban-daban na kod ɗin) da duk tarihin za su bi ka. Kowa kuma ya gyara adireshin ma'ajiyar a kwamfutarsa da `git remote set-url origin`.

Amsa ta biyu: Haka ne, amma malam bai faɗa maka inda gizo ke saƙa ba. Git, wato manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen, kod kawai ya sani. Rahotannin matsaloli da muhawarar da kuka yi kafin haɗe reshe ba sa cikinsa, a Bitbucket za su zauna. Fayil ɗin `bitbucket-pipelines.yml`, mai tsara ayyukan da ke gudana da kansu kamar gwajin kod, zai iso, sai dai GitHub ba ya aiki da shi, dole ku sake rubuta shi da GitHub Actions, tsarin da ke irin wannan aikin a GitHub, ku shigar da makullan sirri da hannu.

Ga wani abu: GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100. Ko kun goge shi tuntuni, muddin yana cikin tarihi, turawar za ta tsaya. Maganinsa Git LFS, tsarin ajiye manyan fayiloli daban, ko a tsame shi da `git filter-repo`.

Amsa ta uku: Ka shirya makullin SSH, wanda GitHub zai gane kwamfutarka da shi, tukuna, tun Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa. Ka kuma ce wa abokan aikinka kowa ya tura abin da ke hannunsa kafin ka fara, su dakata sai ka gama. Tsohuwar ma'ajiyar kar ka goge ta da wuri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai wani tsohon bidiyon gwaji da muka taɓa sakawa a ciki, bari in duba girmansa.