Musayar waƙa: samarin Gidar sun yi kudu, kuɗin kuma ina yake kwana?

Baffa, daga ƙauye kusa da Gidar, a arewacin Kamaru:
Salamu alaikum, yau abin ya cika min ciki, ga baiti na jefa, wanda ya ji da shi ya amsa.

Damina ta sauka yankinmu na Mayo-Luti, ba mai riƙe garma,
Samari sun hau mota zuwa Garwa, sun wuce gaba ma,
A Ngaundare suka kama jirgin ƙasa, unguwar Birkiteri ta Yawunde ta ba su wurin zama,
Tsoho da jikansa aka bar wa noma.

Ɗan ƙanensa, daga Duwala:
Baffa a yi min aikin gafara, wallahi da ni kake.

Baffa ba gudun gona na yi ba,
Kuɗin auduga sau ɗaya ne a shekara, ba ya kai mu ko'ina ba,
In an cire bashin taki da maganin feshi, saura bai cika tafi ba,
Nan unguwar New Bell acaba nake, ruwa da rana ban huta ba,
Duk Juma'a kuɗi ta Orange Money na shigowa gida, ko ba haka ba?

Gwaggo:
Yana shigowa ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma tsaya ka ji inda yake zuwa don ni nake zuwa cirowa da ƙafata kuma ni nake kashewa.

Kuɗinka na shigowa da hantsi ta waya,
Kafin la'asar sun sake kama hanya,
Shinkafar kanti ta Duwala ta biyo, tun daga Asiya,
Maganin ƙanwarka sai Garwa, mota ta ci rabi a tafiya,
Ɗan ƙwadago ya karɓi nasa a bakin gona, da gaskiya,
Sefa dubu goma ta ƙare ban ɗora tukunya.

Baƙo mai noma a garin:
Gwaggo ɗan ƙwadagon nan ni ne, daga wajen Mora,
Tun 2014 Boko Haram ta taso mu da mata da yara,
Gonar da aka bari na karɓa haya na gyara,
Rabin abin da na samu gida Mayo-Sava nake turawa, can ma akwai masu jira,
'Yan'uwana wasu na Lagdo suna kamun kifi, wasu Tuboro sabon daji suke sara.

Baffa:
Malam baƙo sannu da ɗawainiya, gari naka ne. Mu tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 muke ganin mutanen arewa na gangarowa Binuwai, yanzu namu ne ke wucewa. Kai kuma ɗana saurara.

Bana kar ka turo na cefane, tara shi wuri guda,
Injin ban ruwa nake so a bakin kogi, mu dasa albasa a jere kamar da,
Buhu ya tafi Duwala, kuɗinsa ya dawo nan ya kwana a gida.

Ɗan ƙanensa:
Na ji Baffa, a tambayo min farashin injin a kasuwar Garwa,
Ni da abokan acaba muna adashi, ɗaukata na nan zuwa,
In ya samu, da rani zan zo da kaina mu ja ruwa.