Ina son bin layin shari'ar zaɓe, ta ina zan fara?

Ɗan Bagauda: Salamu alaikum manya. Na gama makarantar horas da lauyoyi a Bagauda, bautar ƙasa saura kaɗan. Shari'ar zaɓe da ta tsarin mulki nake son ƙwarewa a kai. Wane irin ofishi zan nema, kuma me zan fara karantawa?

Anti Barista: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka haddace sashe na 285 na kundin tsarin mulki. Kwana 21 ne wa'adin shigar da ƙara daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Rikicin da ya taso kafin zaɓe, irin na fid da gwani, kwana 14 kacal ne na shigar da ƙara. Kuma ba a ƙara wa kowa ko da yini guda. Ka nemo hukuncin ANPP da Goni na 2012, kan kujerar gwamnan Borno, ka ga yadda Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa.

Malam na Kaduna: Gaskiya ta faɗa maka. Ni kuma ofishi zan yi magana a kai. Kada ka ruɗu da girman suna. Wani babban ofishin sai ka shekara biyu kana ɗaukar wa oga jaka, ba ka taɓa rubuta bayanin shaida ko ɗaya ba. Nemi inda za a zaunar da kai a kan tulin takardun EC8A, wato na sakamakon rumfunan zaɓe, kana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kana gwada adadin ƙuri'u da adadin waɗanda na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta tantance, idonka na yaji, shayi ya huce a gefe. Aikin ke nan. Wanda bai yi wannan ba, ko ya iya Turanci a gaban alƙali, ba ya gane inda ƙarar take yoyo.

Ɗan Bagauda: Ranka ya daɗe, to waɗanne hukunce-hukunce zan bi?

Malam na Kaduna: Fara da Zamfara, Mayun 2019. APC ta ci zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin fid da gwani ba, kujerun suka tafi, Matawalle na PDP ya zama gwamna. Sai Kano: kotun zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na Abba Kabir Yusuf saboda rashin hatimi da sa hannu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaya a kan cewa ba ɗan jam'iyyarsa ba ne, Kotun Ƙoli ta rushe duka a Janairun 2024. Ka karanta ukun a jere, kada ka tsaya a na ƙarshe.

Magatakarda: In sa baki, ko da yake ni ba lauya ba ne. Ku riƙa neman tabbatattun kwafin takardu daga INEC tun washegarin zaɓe. Shaidu ma haka. A ƙarar shugaban ƙasa ta 2023 an yi watsi da bayanan wasu shaidu don ba a haɗa su da ƙarar cikin kwana 21 ba.

Anti Barista: Sannu Baba, wannan ita ce. Kuma ka san inda kowace ƙara take tsayawa. Ta 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Shi ya sa a Filato Gwamna Mutfwang, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige, ya tsira a Kotun Ƙoli, amma 'yan majalisar PDP da aka tsige ba su da wurin kai kuka.

Lauyan Unguwa: Ni dai abu ɗaya: aikin nan kamar kaka yake, shekara huɗu sau ɗaya yake cika rumbu. Tsakani me za ka ci? Ka riƙe ƙararrakin haƙƙin ɗan Adam da na ma'aikatan da aka kora ba bisa ƙa'ida ba. Kuma ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe, karɓi kuɗinka kafin a yanke hukunci.

Anti Barista: Wallahi kuwa. Ƙanena, dokar zaɓe kuma ana yawan yi mata gyara, ka tabbata kwafin da ke hannunka shi ne mai aiki. Turo min takardunka ta akwatin saƙo, akwai ofishi a Abuja da zan tambaya maka.

Ɗan Bagauda: Allah Ya saka da alheri Anti. Zan turo yau da daddare in sha Allahu.